Tururuwa ta cika fili, daji ya dawo ke nan?

Tambaya: Malam, ni ɗan Keita ne a jihar Tahoua. Akwai wani fako da muka yi wa ramukan rabin wata masu tare ruwan sama muka dasa itatuwa, yanzu ko'ina gidan tururuwa ne. Na ji an ce a ƙasashen kurmi da tururuwa ake gane ko dajin da aka sare ya farfaɗo. Mu ma haka ne?

Amsa: Sannunku da aiki, ɗan'uwa. Ku mutanen Keita ai tun 1984 kuke fama da raya fako, ba mai koya muku. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba yawanta ake dubawa ba, ire-irenta ake ƙirgawa. Mu da bakinmu mun bambanta tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa, masana kuwa sun sa wa fiye da iri 14,000 suna. A kurmin ƙasar Peru, masanin tururuwa E. O. Wilson ya ƙirga iri 43 a kan itace guda.

A 2004 wani masani, Robert Dunn, ya tattara binciken da aka yi a dazuzzukan ƙasashe masu zafi da aka sare, aka noma, aka bari. Ya ga adadin ire-iren yakan kamo na tsohon kurmi cikin shekara 20 zuwa 40. Amma a nan gizo ke saƙa: adadi ya cika, masu gidan na asali ba su gama dawowa ba. Masu rigan zuwa su ne masu jure rana, masu cin duk abin da suka samu. Waɗanda ke kwana cikin ruɓaɓɓen reshe ko ƙarƙashin ganyen da ya daɗe yana zuba, sai inuwa ta haɗe, ƙasa ta riƙe laima. Kwarkwasa na cikin masu nawar dawowa, don sarauniyarta ba ta da fiffike. Gida rabuwa yake yi biyu, rabi ya tashi da ƙafa. In babu tsohon daji kusa, daga ina za ta zo?

Namu Sahel ne, ba kurmi ba, don haka kada ka ɗora waɗancan shekaru a kan filinku. Tururuwar nan mai share ƙofar gidanta tas, tana jan layi da ƙwaya a baki, shaida ce ciyawa ta fara zuba iri. Alheri ne, amma matakin farko ne, kuma in kun watsa irin ciyawa da rani ita za ta kwashe shi.

In kana so ka gwada, binne kofunan roba har bakinsu ya yi daidai da ƙasa, ka zuba ruwa kaɗan da ɗigon sabulu, ka bar su kwana biyu. Yi haka a filinku, ka yi a fakon da ba a taɓa ba, ka yi a wani tsohon wuri mai itatuwa da ba a nomawa. Juye su a farin faranti, ka ware tururuwar bisa girma da launi, ka kwatanta ire-iren wuraren uku. Ka maimaita a daidai wannan watan kowace damina, don kamun rani da na damina ba sa zama ɗaya.