Tambaya daga Tawa: in ciri kuɗin shago in buga littafin zanena?

Daren Talata saƙo ya shigo min daga wani matashi a Tawa, ban san shi ba, ga abin da ya rubuto a taƙaice:

"Salamu alaikum babban yaya. Ina da ɗan shago na kayan waya a kasuwar Tawa, caja, ekutar, gilashin waya da irinsu, shekara huɗu kenan. Amma ni tun ina lakwal zane nake, kuma ina rubuta waƙoƙi. Yanzu na gama labari guda cikin zane, irin wanda muke ce ma bede, shafi 32, labarin wani ɗan kokowa ne na ƙauye, da Hausa na rubuta shi. Wani gidan buga littattafai a Yamai ya ce zai buga min kofi 1000 duka kala a kan jika 600 (jika guda 1000F ce, kuɗin sefa). Ina son in ciri jika 400 daga shago, in ɗauki adashe jika 200, in saida kowane jika guda, ribata jika 400 kenan. Bayan nan in haɗa waƙoƙina su ma in buga. Mi ka gani?"

Wa alaikumus salam ƙanena, ina fatan kana lahiya kai da iyali da kasuwa.

Shafuka ukun da ka turo na gani, kuma na daɗe ina kallon wanda ɗan kokowar ke ɗaura laya a damtse, makaɗi ya sunkuya kan ganga, ga ƙura ta tashi har ta rufe ƙafafun ƴan kallo. Wallahi hannunka na da kyau, ba daɗin baki nake ma ba. Shi ya sa ma zan gaya ma gaskiya tsirara: kar ka taɓa jika 400 ɗin nan na shago, kar ka ɗauki adashen don wannan. Littafin za a buga shi in sha Allahu, amma ba ta wagga hanya ba.

Mu zauna mu yi lissafin da kai. Ka ce jika 600 za ka kashe ka samu miliyan guda. To wa zai saida kofi 1000? Kai kaɗai a shago ba za ka iya ba, dole sai ka ba masu saida littattafai da kayan lakwal, su kuma ba sadaka suke ba, mu ɗauka sun riƙe 250F a kowane, abin da zai dawo aljihunka 750F. Ka raba jika 600 da 750, ka ga sai ka saida kofi 800 cif kahin uwar kuɗinka ta dawo, ba riba ba, uwar kuɗi kawai. Ba mu sa kuɗin motar da za ta ɗauko katon-katon daga Yamai zuwa Tawa ba, tahiyar da ta haura kilomita 500, ba mu sa naka zuwa da dawowa ba, ba mu sa waɗanda za su hito a lalace ba, ba mu sa na abokai da ƴan'uwa da surukai da malamin lakwal ɗinka na dā ba, waɗanda duk za su ce "ai ni ba za ka saida min ba". In ka cire wajen 80 na kyauta da lalatattu, ko da sauran duka sun ƙare ƙaf, ribarka ba ta wuce jika 90. Kuma wata nawa za a yi kahin su ƙare? Shekara? Biyu?

Yanzu dubi ɗaya gefen. Jika 400 ɗin nan a cikin shago juyawa take, ka saro caja yau, sati biyu ta ƙare ka sake sarowa. Kai ka san abin da take kawo ma, amma ko jika 30 ce a wata, a shekara jika 360 kenan, ita ce cefanen gidanka, ita ce kuɗin hayar shago. Takarda kuwa in ta shiga katon ta zauna ba ta juyawa. Ga zubin adashe shi bai san ko littafi ya saidu ko bai saidu ba, ranar zubi ta zo sai ka zuba.

Ba a littafi na karanta wannan ba. Shekarun baya ni ma na rubuta ɗan littafi kan yadda ɗan kasuwa zai riƙa rubuta shige da ficen kuɗinshi, na buga 500 don an ce min in na buga da yawa ya fi araha. Sati biyun farko kamar biki, ana saye ana yaba min, daga nan shiru. Katon uku na tura ƙarƙashin gado, damina biyu ta wuce a kansu, ranar da na jawo na ƙarshen don in ba wani guda biyar sai gindin katon ɗin ya zube, gara ta yi hanya tun daga bangon baya har tsakiyar littattafan, ƙasa ja-ja ta cika tsakanin shafuka, na ɗaga guda sai ya ruguje min a hannu. Uwargida tana tsaye bakin ƙofa ba ta ce komai ba, ta dai miƙo min tsintsiya. Ba na son ka ga irin wannan ranar da zanen da ka kwana kana yi.

Kuma kar ka ce mai gidan bugun cutarka zai yi, a'a. Babban injin bugu sai an yi mashi faranti, kala kuma faranti huɗu ake yi ma, shuɗi, ja, rawaya da baƙi, kuma kuɗin farantin nan ɗaya ne ko kofi 100 za a buga ko 5000, shi ya sa kullum za su ce ma ka ƙara yawa farashin kowane ya sauka. Gaskiya sunka faɗa. Amma araha ga kayan da ba su da mai saye ba araha ba ce.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Ka raba labarin gida biyu, kashi na ɗaya shafi 16, ka tsaya daidai inda mai karatu zai ji haushi an tsaya, misali an shiga fili an kama kokowa ba a san wa zai kada wani ba. Cikin ka bar shi baƙi da fari, bango kaɗai kala a kan takarda mai kauri. Takardar A4 guda in anka ninke ta biyu tana ba da shafi huɗu, kenan shafi 16 takarda huɗu ce gaba da baya, fuska takwas, shi ya sa ko yaushe yawan shafinka ya zama wanda huɗu ke rabawa, 12, 16, 20, in ba haka ba za ka biya kuɗin farar takarda banza. In fotokofi dala biyar ce, wato 25F, fuska ɗaya kamar yadda na saba biya nan Yamai, ciki ya tashi 200F, ka sa bango da maƙalawa su kai wani 250F, kofi guda 450F kenan, kofi 50 bai kai jika 25 ba. Ka tambayi farashin Tawa da kanka, ka yi ciniki don aikin da ɗan yawa. Ka ga kowane ya hito da tsada kusa da na babban inji alhali shafinshi rabi ne, na sani, amma jika 25 ko duka ta nutse shagonka bai ji ba, kuma da ita za ka sayi abin da ba wanda zai iya gaya ma yanzu, wato mutum nawa ne za su zaro kuɗi su biya, ba masu danna "ya yi kyau" a Facebook ba.

Abu biyu ƙanana da ke ɓata aiki. Zanen fensir ba ya hita da kyau a fotokofi, ka bi shi da baƙin tawada sosai, kuma kar rubutu ya matsa bakin takarda ko tsakiya inda za a ninke. Na biyu, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, wasu kwamfutoci in ba su san su ba sai su mayar da su ɗan akwati ko alamar tambaya, a nawa littafin haka anka yi min a shafi biyu ban gani ba sai da anka gama. In da hannu ka rubuta maganganun cikin zanen ka huta, in da kwamfuta ne ka mayar da shi PDF kahin ka kai, kuma ka ce a hitar ma da guda ɗaya na gwaji ka karanta shi tun daga bango har bango kahin a buga sauran.

Kahin ma ka buga, ka saki shafi huɗu na farko a Facebook da sitatus ɗin WhatsApp, ka ce mai so ya yi rajistar sunanshi da kuɗinshi, na kusa ya kawo shago, na nesa ya turo ta Nita ko Amana ko Airtel Money, a aika mashi ta motar safa. In mutum 30 sunka biya 750F ka ga an riga an biya kuɗin bugun 50. Amma kuɗin nan amana ne, ka sa su daban, ka faɗi ranar da littafi zai hito, in ba ka cika ba ka mayar ma kowa nashi. Kaye guda ka saya na littafi kaɗai, kar ya haɗu da na shago ko da dala guda, in ka ranci jika 10 daga shago ka rubuta bashi ne ka biya. Ribar kashi na ɗaya ita za ta buga na biyu, in 50 sun ƙare cikin wata ka buga 100, in ka ga ana neman 300 zuwa 500 a kai a kai, lokacin ne za ka koma wajen mai babban inji, kuma lokacin da kuɗin masu karatu za ka tahi ba da na caja ba. Marubutan Kano da sunka cika kasuwa da littattafan Hausa tun shekarun 1980 da yawansu da aljihunsu sunka fara, kashi-kashi suke saki, na ɗaya ya jawo na biyu.

Kana da abin da yawancin masu zane ba su da shi, shago. Matasa ke shigowa wajenka kullum, su tsaya ana manna masu gilashin waya minti biyar ba abin yi, ka rataye littafin daidai idonsu, ka bar guda ɗaya da za a riƙa buɗewa. Wanda za ka ba ya saida ma kar ya wuce biyar-biyar, a rubuce, ya kawo kuɗin biyar ya karɓi wasu, don bashin littafi ya fi kowane bashi wuyar karɓa, mutum zai ce ma "ai suna nan ba a saye ba" kai kuma ba ka da yadda za ka yi. Sannan labarinka na kokowa ne, ka san yadda ƙasar nan tamu Nijar ke tsayawa cik lokacin gasar takobi, wato babbar gasar kokowa ta ƙasa, kowa kunnenshi na rediyo, gasar da a Tawa anka fara ta a 1975. Ka daidaita hitowar littafinka da lokacin, ba tsakiyar damina ba lokacin da kowa kuɗinshi na gona. Da Hausa da ka rubuta ma ka yi daidai, tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, kuma abin karantawa na yara da Hausa mai hoto bai da yawa, ka kai ma daraktocin lakwal biyu uku su gani. Ko wanda karatunshi bai yi ƙarfi ba zane na jan shi.

Cikakken PDF kuwa kar ka tura ma kowa, ko amininka ne, da ya shiga guruf guda shi kenan ya zama na kowa. Ka sa sunanka a kowane shafi, ka adana asalin zanen da kwanan wata, in ka shigo Yamai ka leƙa ofishin kare haƙƙin mawallafa, BNDA, ka ji yadda ake ajiye aiki wajensu.

Maganar waƙoƙi, a nan zan ce ka dakata da bugu gaba ɗaya. Mu waƙa da kunne muka san ta, ko rubutacciya ce sai an rera take shiga jiki, kuma littafin waƙa zalla ya fi kowane wuyar saidawa. Ka ɗauki muryarka a waya cikin dare lokacin da gari ya yi tsit, minti biyu, ka ɗora zanenka a kai ka saki, ka kai ma gidan rediyo na kusa da kai. Ka sa waƙa guda a bangon baya na kowane kashi, misali kirarin ɗan kokowar naka, ka ga ta shiga hannun mutane ba ka ƙara ko dala ba. In kuɗi za su zo ta waƙa, ta wanda zai ce ka rubuta min ta biki ko ta suna ko ta tallar shagona za su zo, haka shi ma zanen, hoton ango da amarya, allon shago, ƙungiyoyin da ke neman mai zana masu hotunan faɗakarwa. Wani lokaci littafin bai kawo riba mai yawa ba amma shi ke nuna ma mutane akwai mai wannan hannun a gari. In kuma akwai waƙoƙin da don ranka kawai kake rubutawa, ka bar su haka, ba dole sai komai ya zama haja ba.

Ka tuna da marigayi Moustapha Alassane, wanda tun shekarun 1960 yake fim na zane mai motsi, yana cikin na farko-farko a Afirka, ya rasu a 2015, yanzu har sunanshi anka sa ma babbar cibiyar al'adu nan Yamai. A Tawa ya zauna shekaru da yawa, otel gare shi, cikin ɗakunan otel ɗin ya mayar da wasu wajen aikin zanenshi. Ka tambayi dattawan garinku za su ba ka labari. Shagonka shi ne otel ɗinka, shi zai riƙe ka har ka zana kashi na goma.

In 50 ɗin farko sun hito ka rubuto min nawa sunka saidu cikin kwana 30, nawa ka bayar kyauta, nawa ke hannun mutane bashi, sai mu duba ko a ƙara ko a gyara farashi. Kuma ka sa sunana a kayen, kofi biyu nake so, ɗaya nawa ɗaya na yarona mai son kokowa, ka gaya min lambar da zan turo kuɗin har da na mota.