Kada ka fara da yanke albashi

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce an ɗora ka kan kula da lafiyar ma'aikata a masana'antarku a nan Zariya, an sayo hular kwano da takalman aiki da safar hannu, amma da ka ba da baya sai a cire, shi ne kake tambaya ko ka fara yanke albashi. Ni dai shawarata, dakata tukuna.

Shekara 17 na yi a ɗakin inji, na fara da gurzar auduga, na ƙare a wajen matsar mai. Akwai daren da har gobe ba ya barin raina. Cikin hunturu ne, bel ɗin da ke jan waken soya ya cushe. Wani yaro, bai fi wata 4 da yin aure ba, ya kashe inji ya zura hannu yana zaƙulo ƙarfen da ya maƙale. Abokin aikinsa ya dawo daga shan shayi, ya ga inji a tsaye, ya ɗauka wuta ce aka ɗauke aka dawo da ita, ya danna makunni. Yatsu 2 suka tafi. Ni na riƙe masa hannu a cikin mota har asibitin Shika, rawanin maigadi muka naɗe masa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne abin da na ji washegari. Ashe hakan ya faru sau 3 a baya, hannun riga kawai bel ya yaga. Kowa ya ce "Allah Ya kiyaye", ya ja bakinsa ya yi shiru, domin wanda ya taɓa kai irin wannan rahoto takardar tuhuma aka ba shi. To ka ga inda yanke albashi yake kai mutum: za su sa hula in sun hango ka, amma ba za ka ƙara jin gaskiya daga bakinsu ba.

Tun a 1931 wani Ba'amurke mai suna Heinrich ya ƙiyasta cewa a bayan kowane mummunan rauni 1 akwai ƙananan raunuka 29, da haɗurra 300 da aka tsallake ba ko ƙwarzane. Waɗannan 300 ɗin su ne jarinka. Mu littafi muka ajiye a bakin ƙofa, ma'aikata da kansu suka sa masa suna "littafin Allah Ya kiyaye". Ba a rubuta sunan kowa, sai abin da ya faru da wurin. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Sharaɗin ɗaya ne, kuma a wuyanka yake: duk abin da aka rubuta a ga an gyara cikin mako. In aka rubuta cewa waya ta zare kusa da famfo, aka kwana 10 tana nan, littafin ya mutu.

Sai kwaɗo. Kowane makaniki da nasa, makulli a aljihunsa. Kafin ya sa hannu a inji ya kashe babban makunni ya datse. Ko manaja ba ya buɗewa.

Maganar hula da takalmi kuwa, zauna ka tambaye su dalili. Zafin watan Maris da Afrilu a cikin rumfar kwano ba wasa ba ne, kuma sau da yawa takalman duk lamba ɗaya aka sayo. Sannan ka dubi manya. Ranar da oga ya ratsa ɗakin inji da babbar riga da silifa, duk wa'azinka na wata guda ya bi ruwa. Ka roƙe shi cikin ladabi ya riƙa tuɓe ta a ofis.

Za ka ji masu cewa abin da Allah Ya ƙaddara ba makawa. Kada ka yi musu. Ka tuna musu da hadisin mai raƙumi, wanda Annabi (SAW) ya ce masa ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Mu limamin masallacin ma'aikata ne ya faɗa bayan azahar, ta fi shiga.

In masu kamfani suka ce ba kuɗi, dokar masana'antu ta wajabta a yi wa sassan inji masu juyawa kariya, dokar diyyar ma'aikata ta 2010 kuma ta ce su riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar gwamnati mai biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Bincika ko suna biya. Kuma yau ɗin nan, kafin ka tashi, je ka taɓa ƙofar gudun gobara da hannunka. A 2002 mutane da dama sun ƙone a wata masana'antar roba a Ikorodu ta Legas saboda an kulle su a ciki lokacin aikin dare. In ka tarar da buhuna jibge a bakinta, da su za ka fara.