Duniya a shimfiɗe take ko a dunƙule?

Malam, ka ce gardama ta kaure a majalisarku kan ko duniya a shimfiɗe take kamar tabarma. A'a, a dunƙule take kamar ƙwallo. Girmanta ne ke yaudarar ido, don kewayenta kusan kilomita 40,000 ne, mu kuwa ɗan abin da ke gabanmu kaɗai muke hange.

Ni a Makka abin ya zauna mini daram. Muna sallame magariba na kira gida Kano, aka ce ai ba a daɗe da yin la'asar ba, rana na nan garau. Da a shimfiɗe take, da lokaci guda rana za ta faɗi mana duka. In kana da wani a Saudiyya, yi masa kiran bidiyo da yamma, ya nuna wa 'yan majalisar sararin sama.