Kada ka ɗaure bar ɗin gaba mota tana sama

Ɗana, tambaya biyu ka yi mini a kan Peugeot 504 kufe ɗin nan, mai ƙofa biyu, da aka kawo mana Tawa daga Yamai. Ka ce me ya sa na sa ka sassauta bulon ɗin sabon bar ɗin gaba bayan ka riga ka ɗaure su tamau, kuma me ya hana mu sa shi a hujin da ya fi ƙarfi tunda mai motar gudu yake so. Jawo benci ka zauna.

Fara da sanin aikin ƙarfen. Sanda ce da ta gitta ƙarƙashin gaban mota, maƙalai biyu masu roba suna riƙe da ita a jikin shasi, bakinta biyu a lanƙwashe kamar hannuwa, kowane hannu kuma biyelet, wani ɗan gajeren ƙarfe, ta haɗa shi da ƙafar taya. In tayoyin gaba suka hau tudu tare, sandar juyawa kawai take yi a cikin robarta, ba ta aikin komai. Sai an shiga kwana, jikin mota ya kwanta gefe, tayar waje ta nutse, ta ciki ta saki. Nan hannu ɗaya zai yi sama ɗaya ya yi ƙasa, sandar ta murɗe kamar wanki in ana matse shi, ita kuma tana ƙoƙarin warwarewa. Wannan turjiyar ce ke hana mota kwanciya da yawa.

To dubi abin da ka yi ɗazu. Mota tana kan shandel, wato ƙarafan da ake tokare ta da su, tayoyi suna reto, hannuwan bar sun sunkuya ƙasa, ka ɗaure. Robar ta damƙe sandar a wannan matsayin. Da mun sauke motar a haka, hannuwan za su tashi su koma mazauninsu, robar ta kwana a murɗe ta wuni a murɗe, ko motar tana ajiye. Ga zafin garin nan, watan Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40. Robar da aka takura haka ba ta daɗewa take tsagewa, sai mai mota ya dawo yana cewa gaba na ƙwanƙwasa masa a kowane rami.

Kafin ka kwance tsohon bar, sa masa alama da alli, ka san samansa da ƙasansa, hagu da dama, don akwai wanda zai shiga a kife kuma ba za ka gane ba sai ya fara gugar wani abu. Tayoyin gaba duka biyu ake ɗagawa, in ka ɗaga ɗaya sandar tana murɗe, bulon ba zai fita ba sai da faɗa, yana iya cin yatsanka. Kuma ban yarda in gan ka ƙarƙashin mota tana kan kirik, abin ɗaga mota, kaɗai ba, ko na minti ɗaya ne. Baƙar roba da ruwan sabulu ake zura ta. Baƙin mai da giris na yau da kullum kumbura ta suke yi har ta ruɓe. In robar nan ce mai tauri ta foliyuretan, tana da nata man na silikon, shi za ka shafa mata, in ba haka ba kuka za ta riƙa yi. Ka ɗaura komai da hannu kawai, ka auna hagu da dama sandar ta zauna tsakiya.

Sannan a sauke motar a kan ramin gareji, inda ƙasa take daidai, iskar tayoyi ɗaya. A tura ta gaba da baya, a danna hancinta ta zauna. Ni har mutum nake sawa ya zauna a kujerar direba. Yanzu ka haɗa biyelet ta gefe ɗaya, ka koma ɗaya gefen. Nan ne nake so ka buɗe ido: bulon ɗin ya kamata ya shige da yatsa biyu, sulɓ, ba guduma ba ƙarfen banƙara. In sai ka danne hannun bar kafin huji ya haɗu da huji, to ka ɗora wa sandar nauyi tun mota tana tsaye, kwanar dama da ta hagu ba za su zo iri ɗaya a hannun direba ba. In biyelet mai zare ce, ka ƙara ko ka rage tsawonta har ya shige. In ba mai zare ba ce, nemo dalili: ko risor ɗaya, wato sifirin, ya gaji, ko wani ƙarfe ya lanƙwashe. Bayan nan ne ake ɗaurewa, da kilen awo, sifanar da ke auna ƙarfin ɗauri, gwargwadon littafin motar. Ka juya sitiyari har ƙarshe ta kowane gefe, ka haska tocila ka tabbata ba ya taɓa taya ko tiyon birki.

Maganar huji kuwa, kowane hannun bar yana da jerin hujin da ake haɗa biyelet a ciki. Hujin da ya fi kusa da jikin sandar yana gajarta hannu, gajeren hannu kuma ya fi wuyar murɗawa, shi ya sa ya fi ƙarfi. Kaurin sandar ya ma fi haka tasiri. Daga milimita 20 zuwa 22, a ido ba komai ba ne, amma ƙarfin ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100. Kuma ƙarfin nan akwai mai biyansa. Duk abin da ka ƙara a gaba, tayar gaba ta waje ce ke ɗaukarsa a kwana, ita za ta fara sakin ƙasa. Direba ya juya sitiyari, hancin mota ya ƙi bi, ya miƙe waje. A hanya mai ramuka kuma, taya ɗaya ta faɗa, sandar ta kai wa ƴar uwarta dukan, motar ta riƙa kaɗa kai.

Motar nan ina ganin girmanta. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana jikinta, ta fito a 1969, kuma da irinta mai injin V6 Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari a Kenya da na Bandama a Kwaddibuwa a 1978, duk a hanyoyin ƙasa. An san 504 da ƙafa mai laushi mai bin ƙasa, ba zan mayar da ita katako ba don a ce ba ta karkata.

A hujin tsakiya za mu fara, hagu da dama iri ɗaya. Mu fita hanyar Ƙonni da sanyin safiya, mu shiga kwana ɗaya da gudu iri ɗaya, ka ji da jikinka. In tana kwanciya da yawa, mu matsa huji ɗaya. In hanci yana turewa, mu koma mai laushi. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, kada ka taɓa iskar taya a tsakani. In mun dawo ka sake bin bulon ɗin ɗaya bayan ɗaya da kile, tayoyi suna ƙasa.