Koyar da kalmomin Turanci ta darasin guguwar yashi

Malam, ka tambaya ko yara su fara haddace kalmomi kafin karanta rubutun guguwar yashi, ko su karanta tukuna. Fara da kalmomi, amma kaɗan: shida zuwa takwas, waɗanda in babu su ba za a gane rubutun ba, irin su sand, dust, wind da shelter. Nuna hoton gari kafin guguwa da bayanta, a maimaita kalmomin da baki, minti 10 ya isa. Sai a karanta sau biyu, na farko don gano abin da ya faru, na biyu don amsa tambayoyi, kamar me ya sa direba ke sauka daga titi ya kashe fitilunsa.

Sharaɗin dai shi ne rubutun ya yi daidai da ajin. In sabbin kalmomi suka wuce ɗaya cikin 20, karatun zai koma bin ƙamus, zaren labarin ya kuɓuce musu. In rahoton yanayi za ka ba su su karanta, cike yake da kalmomin kimiyya, sai ka sauƙaƙa shi. Sand da dust kuwa sukan rikita yara. Zuba yashi da ƙura a kan takarda, a hura: yashin zai faɗi kusa, ƙurar ta tashi sama.