Amsar gwaggo a kan kunun kanwa da shan nonon jariri

Assalamu alaikum, ɗiyata. Barka da jego, Allah ya raya shi bisa tafarkin addini. Saƙonki ya iso, inda kika ce yaron ya kai mako uku, yana yawan kuka, yana kama nono ya saki ya ɓingire da barci, kuma uwar mijinki tana ganin nonon bai ishe shi ba, don haka ta ce a ƙara miki kanwa a kunu, shi kuma a riƙa ɗura masa ruwa da jiƙo. Kina tambaya ko wannan al'ada tana ƙara nono, da yadda za ki yi ba tare da kin saɓa wa babba ba.

Abin da ke kawo ruwan nono shi ne tsotson yaro. Duk lokacin da ya sha ya rage abin da ke ciki, jiki yana sake haɗa wani, idan kuwa nonon ya daɗe a cike babu mai sha, sai jiki ya rage yi. Jariri irin naki yana bukatar sha sau 8 zuwa 12 tsakanin dare da rana, kuma kada ki yi wasa da na dare, domin shi ne ya fi riƙe ruwan nono.

A nan ne nake so ki duba wata al'ada da ba ki ambata ba, wato kunyar ɗan fari. Ɗaki yana cike da 'yan barka, yaro yana mutsu-mutsu a gado, ke kuma kin kau da kai kina jiran sai wata babba ta ce ki ɗauke shi. Kunya ado ce, ba na so ki rasa ta, amma kafin yaro ya yi kuka ya riga ya daɗe yana roƙo: yana juya kai, yana buɗe baki, yana tsotsar hannu. Wanda ya yi kuka har ya galabaita ba ya iya kama nono da kyau, yana ɗan tsotsa barcin gajiya zai kwashe shi, sai a ce nono ne babu. Idan idon mutane ya yi miki nauyi, ki ja mayafi ko ki shige ƙuryar ɗaki da shi, babu mai hankalin da zai zarge ki.

Sai ki lura da yadda yake kamawa. Ki zauna ki jingina, ki manna cikinsa da naki, kansa da jikinsa a miƙe, hancinsa daidai kan nonon, ki jira ya wage baki sosai sannan ki jawo shi gare ki, ba ke ki sunkuya masa ba. Haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, mafi yawan baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shige bakinsa. Za ki ga kumatunsa a cike, ki ji ƙarar haɗiya a hankali. Idan kina jin zafi ko kan nonon ya tsage, to kan kawai ya kama, sai ki sa ƙaramin yatsa mai tsabta a gefen bakinsa ki zare, ki sake gwadawa. Idan kika ga tsotson ya yi sanyi, ki tallafi nonon, babban yatsa a sama sauran a ƙasa, nesa da bakinsa, ki matsa a hankali har ya koma haɗiya. Ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi, saboda ruwan da ke zuwa daga baya ya fi maiƙo, shi ke riƙe ciki. Idan barci yake yi, ki rage masa shawul da hular sanyin nan da muke naɗe yara da su ko ana zafi, ki shafa tafin ƙafarsa, ki kwantar da shi a ƙirjinki jiki da jiki.

Ruwa da jiƙo kuwa ban yarda da su ba. Kusan kashi 9 cikin 10 na nono ruwa ne, yana kashe masa ƙishirwa ko a tsakiyar bazarar Zariya. Cikinsa ƙarami ne, abin da ruwa ya cike nono ba zai samu wuri ba, ga haɗarin gudawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba tare da abinci zuwa shekara 2, adadin da aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta ambata. Zuma ma ki bari sai ya shekara.

Maganar kanwa ta fi damuna, domin lafiyarki ta shafa. Tun a shekarun 1970 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan kanwa, da wankan ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi. Kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki ta wahalar da zuciya, kuma ba ta ƙara nono. Idan kika ga ƙafa ta kumbura, ko kina haki, ko tari yana hana ki kwanciya, a kai ki asibitin koyarwa da ke Shika a ranar, kada a ce sanyi ne a ƙara wuta. Sauran hikimar jego ki riƙe ta da kyau. Iyayenmu sun yi gaskiya da suka ɗauke wa maijego aiki har kwana 40, suka ciyar da ita ƙauri da gasasshen nama. Ki sha kunun gyaɗa da fura da nono, ki ci miyar zogale, ki ajiye ruwa kusa da inda kike shayarwa, wanka kuma a sirka shi ya zama mai ɗumi.

Kuka kaɗai ba ya nuna nono bai isa ba. Ki ƙirga fitsarinsa. Idan yana jiƙa ƙyalle aƙalla sau 6 a kwana ɗaya kuma fitsarin ba mai duhu ba ne, yana samu. Ki kai shi awo cikin makon nan, kada ki jira rigakafin mako 6, domin yaron da ya wuce mako 2 ya kamata a ce ya mayar da nauyin da aka haife shi da shi. Idan ya ƙi nono gaba ɗaya, ko jikinsa ya yi zafi, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko ya kasa farkawa, asibiti za a nufa nan take.

Uwar mijinki son jikanta take yi, don haka kada ki yi jayayya da ita. Ki roƙe ta ta raka ki awon, ta ji daga bakin malamar asibiti, ki kuma ce kunun gyaɗar hannunta kike sha'awa. Ranar Asabar, in Allah ya yarda, zan shigo Tudun Wada in ga yadda yake kama nonon, maganar kanwa kuma ki bar mini, ni zan yi ta da ita.