Sayen alƙalan NBA ake yi, ko idonmu ne ke ruɗarmu?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Samaru. Daga watan Afrilu har Yuni ni da abokaina ba ma samun barcin kirki saboda wasannin fitar da gwani na NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, wani wasan sai ƙarfe biyun dare yake farawa a agogonmu. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne alƙalanci. A 2025 kowa ya ga yadda aka bangaji ɗan wasan Detroit a jifan ƙarshe a wasansu da New York, alƙalai suka yi gum, daga baya suka ce kuskure ne. Sannan sai ka ga an ba ƙungiya ɗaya jifan fanareti 30, ɗayar ko 20 ba ta samu ba. Abokaina sun ce duk shiri ne, an riga an zaɓi mai ɗaukar kofi. Gaskiya ne? In kuma sun amsa kuskurensu, me ya hana a maimaita wasan?

AMSA: Ƙanena, sannu da rashin barci. Ba abin mamaki ba ne wannan tambaya ta fito daga Samaru. Garin da Koci Oliver Johnson ya kwashe shekaru yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello, garin da Masai Ujiri ya tashi kafin ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin 2019, ai ba a yi wa mutanensa rufa-ido a wannan wasa.

Bari in fara da wasan da ka kawo, domin a nan kana da gaskiya. Ranar 27 ga Afrilun 2025 ne, wasa na huɗu tsakanin Detroit Pistons da New York Knicks. Tim Hardaway Jr. na Pistons ya ɗaga zai yi jifan maki uku daga kusurwa lokaci na ƙarewa, Josh Hart na Knicks ya afka masa, ba a busa ba, aka tashi 94 da 93. Da an busa, jifan fanareti uku zai samu alhali maki ɗaya kacal ake bin su. Shugaban alƙalan ranar, David Guthrie, ya amsa bayan wasa cewa da ya kalli bidiyon ya ga ya kamata a busa. Knicks suka zama suna da wasa uku, Pistons ɗaya, daga baya kuma suka fitar da su a wasa na shida.

To me ya hana usur fita? Ni ban shiga zuciyar kowa ba, amma na san irin wannan ciwo, don na taɓa fama da shi. Shekarun baya na busa wani wasan makarantu a nan Zariya, saura daƙiƙa kaɗan, maki ɗaya ne tsakani. Yaro ya ɗaga, aka doke masa hannu, na gani da idona, usur na bakina. Ban busa ba. A cikin wannan ƙiftawar ido abin da ya zo min shi ne kada a ce ni na raba wasan, gara a bar yara su raba da kansu. Sai da na koma gida na gane ai na riga na raba, na dai raba ne a kan wanda aka zalunta. Ba wanda ya ba ni ko sisi. Tsoro ne kawai, kuma kowane alƙali ya san shi. Abin da za a busa ba tare da tunani ba a zangon farko, a daƙiƙar ƙarshe sai alƙali ya nemi tabbaci ninki biyu. Wannan aibi ne na gaske, kuma a ganina shi ya fi cancantar fushinku, ba maganar saye ba.

Ƙidayar jifan fanareti kuwa, ita ce hujja mafi rauni da 'yan kallo ke riƙewa, kuma ita aka fi yaɗawa. Babu dokar da ta ce a raba fanareti daidai kamar naman watanda. Ƙungiyar da ke kutsawa ƙarƙashin kwando, inda jiki ke haɗuwa da jiki, dole a fi yi mata keta a kan wadda ke tsayawa nesa tana jifan maki uku. Sannan a NBA, da zarar ƙungiya ta cika keta huɗu a zango ɗaya, kusan duk wadda ta ƙara yi wurin tsaron gida jifa biyu ce ga abokan karawa, ko da ba a kan jifa aka yi ta ba. Ka ƙara da ƙarshen wasa, inda wanda ake ci yake yin keta da gangan don ya tsayar da agogo. Wannan kaɗai yana iya ƙara wa mai nasara jifa shida ko takwas a minti guda. Washegari sai wani ya ɗauko alƙaluma ya ce ga shaida. Idan kana son auna alƙali, ka duba ko irin taɓawar da ya busa a wannan kwando ya busa ta a wancan. Nan ne son kai yake bayyana in akwai shi.

Wani abin da ke sa mu ihu a gidan kallo ba tare da dalili ba shi ne bambancin doka. Mu nan da dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, muke wasa: zango minti 10, keta biyar a kore ka. Su zangonsu minti 12 ne, sai keta shida. Haka batun taku: takun da ɗan wasa ya yi yana cikin cafke ƙwallo ba a ƙirga shi, sai biyun da suka biyo baya. FIBA ma ta karɓi wannan tun 2017, amma har gobe za ka ji ana ihun "ya yi tafiya!"

Yanzu ga inda abokanka suka samo zarginsu, kuma ba daga sama suka tsinto shi ba. A 2007 aka kama wani alƙalin NBA, Tim Donaghy, yana caca a kan wasanni, har da waɗanda shi da kansa ya busa, yana kuma ba 'yan caca bayanan ciki. Ya amsa laifi, a 2008 aka yanke masa wata 15 a gidan yari. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya yi tsalle. Kafin a yanke masa hukunci, lauyansa ya shigar da zargin cewa an murɗe wani wasan 2002, kuma kowa ya gane wasa na shida ake nufi tsakanin Lakers da Sacramento Kings. A wannan dare Lakers sun sami jifan fanareti 27 a zango na huɗu kaɗai, manyan 'yan tsakiyar Kings biyu, Vlade Divac da Scot Pollard, duk an kore su da keta shida, Kobe Bryant na Lakers ya kai wa Mike Bibby na Kings gwiwar hannu a fuska ba a busa masa ba. Ni ma in na sake kallon wasan raina ɓaci yake yi. Mummunan alƙalanci ne, babu kwana-kwana. Amma binciken da tsohon mai gabatar da ƙara Lawrence Pedowitz ya yi a 2008 bai samo shaidar murɗiya ba. Kana iya cewa ai NBA ce ta ɗauko shi, kuma haka ne. Sai dai zargin ya fito ne daga bakin mutumin da ke neman sassaucin hukunci. Kuma in ɓera da sata, daddawa ma da wari: a wasa na bakwai, a gidansu, Kings sun sami jifan fanareti 30 suka zubar da 14, aka cinye su a ƙarin lokaci.

Bayan wannan tonon silili NBA ta yi ta faci. A 2014 ta buɗe cibiyar duba bidiyo a Secaucus, jihar New Jersey. A 2015 ta fara fitar da rahoton minti biyun ƙarshe na wasannin da aka yi kankankan, inda take bayyana abin da aka busa daidai da wanda aka kuskure. A kakar 2019 zuwa 2020 aka ba koci damar ƙalubalantar hukunci sau ɗaya, daga 2023 kuma in ya yi nasara a na farko yana da na biyu. Alƙalan ma tace su ake yi: 36 ne ke shiga zagayen farko, 12 ke kaiwa wasannin ƙarshe. Amma lura da giɓin da ya cinye Detroit: koci yana iya ƙalubalantar ketar da aka busa wa ɗan wasansa, ba ya iya ƙalubalantar wadda ba a busa ba. Shirun alƙali ba shi da ɗaukaka ƙara. Rahoton minti biyun nan kuwa, ga wanda aka cinye, ihu ne bayan hari.

Maimaita wasa yana cikin tsarinsu, amma ƙofar ƙarama ce. Ƙungiya za ta shigar da ƙorafi da dala 10,000, kuma sai ta nuna an yi aiki da doka ba bisa ƙa'ida ba. Alƙali ya gani ya yanke ba daidai ba, wannan ba ya shiga. Misalin da ya shiga shi ne na kakar 2007 zuwa 2008, lokacin da masu rubuta maki suka ƙirga wa Shaquille O'Neal na Miami keta shida alhali biyar ya yi, aka fitar da shi a wasan Miami da Atlanta. Wannan kuskuren lissafi ne, don haka a watan Maris na 2008 aka maimaita daƙiƙa 51.9 na ƙarshe.

Ga kuma abin da za ka kai wa abokanka masu cewa ana yi wa manyan birane gata. A watan Fabrairun 2024 waɗannan Knicks ɗin dai sun je Houston, aka busa wa ɗan wasansu Jalen Brunson keta a daƙiƙar ƙarshe, Houston Rockets suka ci 105 da 103. Shugaban alƙalan ya amsa cewa babu keta. Knicks, ƙungiyar birni mafi girma a Amurka, suka shigar da ƙorafi, NBA ta yi watsi da shi.